Ciro Gutsuren Kalma da Kwamfuta: Misali daga Jam'in Sunaye

Mai nazarin da ya zuba labarun Birnin Damagaram cikin kwamfuta, irin waɗanda André Salifou ya dogara da su a littafinsa na 1971, ba ya wadatuwa da sanin cewa kalma kaza tana nan. Bukatarsa ita ce na'ura ta rarrabe masa saiwa da ɗafa-ƙeya. Abin aikin shi ne zubin nema, wanda Stephen Kleene ya aza harsashinsa a 1951, Ken Thompson kuma ya shigar da shi aikin gyaran rubutu kafin 1970.

Duk abin da aka sa cikin baka biyu a zubin, na'ura takan riƙe shi da lamba, daga hagu zuwa dama. Wannan shi ne kamu. A ɗauki labarin ganuwar da Sarki Tanimun ya gina da ƙofofinta. Zubin ^(.+)(.)o\2i$ yana cewa: haruffa, sai wani baƙi, sai o, sai wannan baƙin kuma, sai i. Idan ya gamu da ƙofofi, kamu na 1 shi ne ƙo, na 2 kuwa f. A harshen Python ana karɓo su da group(1) da group(2). In aka haɗa su aka ƙara a, tilon ya komo: ƙofa, taga, hanya.

Amma Hausa ba ta miƙa wuya da sauƙi. Ɗigo harafi guda yake kamawa, saboda haka tashoshi takan kuɓuce sai an rubuta (sh|ts|.) a gurbin kamu na 2. Ganɗantawa ta fi wannan wuya: a motoci t ta koma c, a tasoshi s ta koma sh, don haka \2 ba ya gane ɗan'uwansa. Maganin shi ne a kama baƙaƙen biyu daban, sannan a gwada su da jerin t/c, s/sh, z/j, w/y. Ko da haka teburori za ta ba da tebura, kalmar da babu ita. Hukuncin ƙarshe na masani ne.

Akwai tarko ga masu tsara yaƙi da jahilci. Rukunin [a-z] bai ƙunshi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Wanda ya sa shi a madadin ɗigo, in bai ɗaure farkon kalma da ^ ba, zai sami o kawai a matsayin kamu na 1 na ƙofofi, ba tare da wani gargaɗi ba. Haka nan Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, ga kuma tsofaffin takardun tafireta masu k' da d'. Wajibi ne a daidaita rubutun kafin ƙidaya, in ba haka ba jerin kalmomin da za a gina littafin koyon karatu a kansa zai fito da giɓi a daidai haruffan da ɗalibi ya fi bukatar maimaitawa.