Zahiri da Baɗinin Mutum-mutumin Nok



Duk wanda ya tashi a Kagoma, ko ya saba bin hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, ba zai rasa jin labarin Nok ba, ƙauyen da masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu a 1928, da kuma kan wani mutum-mutumin da aka tsinta a ƙasar Jama'a a 1943, wanda ya yi zaman gadi a gonar doya kafin ya kai hannun Bature Bernard Fagg. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne waɗannan kawuna ba cushe suke ba, domin maginansu sun ɗora naɗin laka bisa naɗi kamar ginin tukunya, suka bar kogo a ciki, suka huda ƙwayar ido da hanci da baki, hikimar da masana ke cewa ita ta ba zafi mafita lokacin gashi.

To, kogon nan da ya zama rahama ga magini, shi ne fitinar injiniyan yau. Idan ana son shigar da surar irin wannan kai cikin kwamfuta, don a lissafta nauyinsa ko a gane inda zai tsage in an ɗaga shi, sai an lulluɓe shi da ragar dubban ƙananan alwatika, sa'an nan a cike kaurin bangon da 'yan daloli masu fuska huɗu. Amma kyamarar da ke ɗaukar surar zahiri kaɗai take gani, manhaja kuwa, da ta tarar da hudar ido, sai ta ɗauka aibi ce ta toshe, ta cike baɗini baki ɗaya, a wayi gari kogo ya koma curi, lissafi ya ɓaci alhali hoton na nan sumul.

Maganin yana farawa daga na'urar siti-sikan irin ta asibiti, wadda ke nuna bangon ciki. Bayan haka sai haƙuri, don wajibi ne alwatikan ciki su fuskanci kogon, kada kuma su ratsa na waje a inda yumɓu ya yi siriri, kuma ɓaraka ɗaya tak ta isa ta sa aikin ya tsaya cik. In kuwa kogon rufaffe ne, manhajar saƙa raga irin TetGen, wadda Hang Si ya rubuta a Berlin, sai an sa mata ɗigo a tsakiyarsa, tamkar a ce mata nan ba a gini.

Saboda haka, ɗalibanmu masu wannan fanni, kafin ku yarda da raga, ku tsaga ta biyu a kan allo ku leƙa cikinta.