Mure Totur Ba Shi Ne Tsere Ba

Abin ya ishe ni, kuma na san ya ishi iyaye da yawa a Sheme, Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Da an shafa fatihar ɗaurin aure, ko an sauko daga Idi, sai samari su kwance salansar mashin su hau titi. Wani ya ɗaga tayar gaba, wani ya kwanta rub da ciki a kan tanki, wani ya saki hannu biyu yana gyara hula, ga abokai biyu ya goya a baya, kowa da silifas. Yara na ihu a bakin hanya, wani na ɗauka da waya don ya ɗora a TikTok. In ka tare ɗaya ka yi masa faɗa, amsar ba ta wuce: "Baba, ai tsere ne. Turawa ma suna yi, har kuɗi ake biyansu." Wannan amsa ce nake so mu zauna a kanta, domin ƙarya ce da aka yi wa kwalliya da gaskiya kaɗan.

Gaskiyar da ke ciki ita ce tseren babur wasa ne sananne. Yana da hukumar duniya mai suna FIM da aka kafa tun 1904, gasar duniya kuma ta fara a 1949, wadda babban ajinta a yau ake kira MotoGP. Akwai na kwalta, akwai na turɓaya, akwai na ƙwararru da na masu sha'awa. Iyakar gaskiyar ke nan.

To, ƙanena, bidiyon nan da kake kallo a waya, sake kallonsa da kyau, amma wannan karon ka bar kallon mashin, ka dubi gefe. Ka ga tirela? Ka ga akuya, ko yarinya da tiren talla? Kowa a filin nan gefe ɗaya ya nufa, babu mai tahowa ta gabanka. A bakin kowace kwana an bar fili mai faɗi an zuba tsakuwa, don wanda ya faɗi ya silale ya tsaya ba tare da ya daki komai ba. Ga mutane a tsaye da tutoci: rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada kowa ya wuce wani, ja na nufin an tsayar da tseren. Ga likita da motar asibiti suna jira tun kafin a tayar da inji. Yanzu ka kwatanta da hanyar Funtuwa zuwa Gusau da ta ratsa Sheme, inda tanka da motocin hatsi ke wucewa, gefen kwalta kuma kwalbati ne da turakun wuta da masu sayar da rake.

Sannan ka dubi jikin mahayin. Rigar fata ce tun daga wuya har idon sawu, da abin kare gadon baya, da safar hannu, da takalmi mai rufe ƙwauri, da hular kwano mai rufe haɓa. Tun 2018 ma an wajabta musu jakar iska a cikin rigar, wadda ke kumbura kafin jikinsu ya taɓa ƙasa. Da irin wannan shiri ne Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu, ya kai gudun kilomita 366 a awa a filin Mugello na Italiya a 2023. Kuma duk da haka ana mutuwa: Marco Simoncelli ya rasu a filin Sepang na Malesiya a 2011, yana da shekara 24, cikin cikakken kayan kariya. Wanda kuma yake taƙama da cewa ai akwai inda ake tsere a kan titin gari, e, akwai, a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ailan, tun 1907. Rufe titunan ake yi gaba ɗaya, ƙwararru ne ke hawa, amma hanyar ta ci rayukan mahaya fiye da 250. Kai da ke kan buɗaɗɗen titi da 'yar shara, me kake jira ya same ka?

Babban kuskuren shi ne ɗauka cewa wanda ya fi mure totur shi ne gwani. Yaro ɗan shekara bakwai ma zai iya mure totur. Masu wannan sana'a a birki da kwana suke cin junansu: wa ya san daidai inda zai kama birki, wa ya san layin da zai bi ya fita. Lissafin ba shi da wuya. In kana gudun kilomita 100 a awa, kana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kafin idonka ya gaya wa hannunka akwai jaki a gaba, ka riga ka wuce tsawon gida guda. In kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake sau huɗu. Boxer ɗin da kake hawa an ƙera shi ne don ya kai buhun masara kasuwa, birkinsa da tayoyinsa na wannan aikin ne. Valentino Rossi, da ya ci kambin duniya sau 9, da 'yan ƙananan babura ya fara yana yaro, kuma bayan ya shahara ya gina filin turɓaya a garinsu Tavullia, inda shi da yaransa ke ta maimaita kwana ɗaya har ta zauna a jiki.

Sai maganar hular kwano, wadda wai ta matsorata ce. Mun daɗe da wannan taurin kai. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa ta a farkon 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka, aka kuma baza jita-jitar cewa ana tsafi da hular a sace mutum. Alhali binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da shi ya nuna hular kirki na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Mai ɗori zai haɗa maka ƙafa, in ta gagara a kai ka asibitin ƙashi na Dala. Kai in ya fashe, babu mai ɗora shi. Wanda ya dogara da layar zana kuwa, ya je ɗakin 'yan haɗari ya ƙirga layun da ke ɗaure a damatsan waɗanda ke kwance. Cewa "kwana ne in ya ƙare" ba hujja ba ce, addini bai yarda mutum ya jefa kansa cikin halaka ba, balle ya jefa ɗan wani.

Ƙwaya, zaman banza da ramukan hanya duk suna da nasu kason a wannan matsala. Amma akwai abin da ya shafe mu mu kaɗai. A yankin da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, inda a 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma hana goyon mutum uku a babur, ƙarar mashin goma a jere ba wasa ba ce. Tsohuwa na jin ta za ta ɗauka 'yan bindiga ne, ta suri jika ta yi daji. Rashin imani ne a tsorata mutanen da suka riga suka ga abin da suka gani.

Ban ce a kashe sha'awar ba. Mu da muka gaji sukuwar dawaki mun san ana yin ta a filin sukuwa ne, da alƙalai, ba a tsakiyar kasuwa ba. Mai son ya fara da gaske, ya fara da neman izinin mahaifinsa, ya kai shekarun tuƙi, ya yi lasisi. Ku haɗu ku zama ƙungiya mai shugaba da rajistar suna, ku je wurin mai gari da hakimi da jami'an tsaro, ku nemi fili a kusa da gari, da rana, ba a bakin daji ba. Ku tsince duwatsu da kututture, ku zagaye da tsofaffin tayoyi, 'yan kallo su tsaya nesa a bayan igiya, kada kowa ya tsaya a wajen kwana. Kowa ya bi gefe ɗaya, mutum ɗaya a mashin ɗaya, sababbi daban, waɗanda suka goge daban.

Kafin ka sayi wani abin ƙawa, sayi hular kwano mai rufe haɓa, ka ɗaure igiyarta. Hular magina ba ta cikin lissafi, wadda ta taɓa dukan ƙasa da ƙarfi kuma ta gama aiki ko da ba ka ga tsaga ba. Ka nemi takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu, riga da wando masu kauri, da abin kare gwiwa. Bakanike ya duba birki gaba da baya, da iskar taya, da sarƙa, ya ɗaure duk notin da ya saki, a cire madubi, a manne gilashin fitila da salatif. Da ƙaramin mashin za ka fara. Makonnin farko babu tsere sam: ka ajiye taya biyu ka yi ta zagaya su a hankali kamar kana rubuta lamba 8, ka koyi tsayawa a kan layin da aka ja. Ka daina tsoron birkin gaba, shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, matsa shi ake yi sannu a hankali, ba fizga ba. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, kuma ka kalli inda kake son zuwa, domin mashin ido yake bi. Kada a tayar da inji sai akwai mota a tsaye da ma'aikacin lafiya. In wani ya faɗi, a ɗaga jan ƙyalle kowa ya tsaya, kada a ciccibe shi a guje ko a fizge masa hula, ƙila wuyansa ya taɓu. Wanda ya sha wani abu a kore shi, ko ɗan wane ne.

Ku kuma angwaye, ku gaya wa abokanku tun ranar rabon goro cewa ba ku son wasan mashin a bikinku. Iyaye, in yaro ba shi da hular kwano, ku karɓe makullin.