Zanen Kamun Oksijin Cikin Jini da Karanta Shi da Hausa

Daga cikin zane-zanen da ɗalibin likita yakan tarar a darasin huhu da zuciya, kaɗan ne suka kai zanen kamun oksijin wuyar bayani. Christian Bohr na ƙasar Danmak da abokan aikinsa, Hasselbalch da Krogh, su suka bayyana siffarsa cikin 1904.

Layin kwance yana nuna matsin oksijin, da awon milimita na zaiba. Na tsaye kuwa yana nuna kashi nawa cikin ɗari na himogulobin, watau sinadarin jajayen ƙwayoyin jini, ya kama oksijin. Da kamun yana bin matsi sau da ƙafa, da miƙaƙƙen layi za a gani. Amma zanen yana somawa sannu, ya haura kamar hawan dutse, sa'an nan ya kwanta a bisa. Dalili shi ne kowane himogulobin gurabu huɗu gare shi, in ɗaya ya cika sai sauran su ƙara saurin cika.

A huhu matsi wajen 100 ne, kamu kuwa kashi 97. Ko matsin ya sauko 60, kamun yana wajen 90. Daga nan ne gangara take: a 40, watau jinin da ke komowa zuciyar mai hutawa, saura 75, a 27, rabi kaɗai. Saboda haka majinyacin da awonsa ya nuna 90 yana bakin gangara ne, ko da yake lambar tana da daɗin ji.

Wajen kalmomi ne malami zai yi hattara. "Iska" ba ta wadatar ba, gama ta haɗa wadda ake shaƙa da wadda ke kaɗawa, har da ta bori. Aron "oksijin" ya fi. "Kama" da "saki" kuwa sun dace ƙwarai, don in an bi zanen daga dama zuwa hagu labarin saki yake bayarwa.

Zafi da tsamin jini da yawan kabon dayoksaid suna tura zanen hannun dama, jini ya ƙara sakin oksijin ga tsokar da ke aiki. A nan kada a ce zanen "ya matsa dama". "Matsa" tana rikicewa da "matsi", "dama" kuma kunnen Bahaushe yakan ji ta da ma'anar sauƙi, kamar a "ya ji dama". "Ya gusa hannun dama" ta fi tsabta.