Kwantaccen Ciki, Jifa da Wuƙar Likita: Gaskiya ko Jita-jita?

Cikin mace ya tashi, wata tara ya wuce, shekara ta zagayo, babu naƙuda. Kafin a je asibiti unguwa ta riga ta yanke hukunci: kwantacce ne, ɗan barci yake yi, ranar da Allah ya nufa zai motsa. Malaman fiƙihu suna da maganarsu kan tsawon ciki ta fuskar shari'a, ba can muka dosa ba. Abin da na'urar hoton ciki ta fi nunawa a irin wannan hali shi ne ƙari a mahaifa, ko jakar ruwa da ta tsiro a gidan ƙwai, ko ruwan da ya taru saboda ciwon hanta.

Wannan ruɗani ba a kanmu farau ba. A shekarar 1809, a jihar Kentaki ta Amurka, wata mata mai suna Jane Todd Crawford ta ɗauka tagwaye take ɗauke da su, likitocin yankinsu ma haka suka zata. Da likita Ephraim McDowell ya duba ta, sai ya ce ƙari ne a gidan ƙwai. Ta hau doki ta yi tafiyar kusan kilomita 96 zuwa garin Danbil, inda ya yi mata fiɗa ranar 25 ga Disamba, ido biyu, domin maganin sa barci bai fara yaɗuwa a aikin tiyata ba sai 1846. Ya ciro ƙari mai nauyin kusan kilo 10. Matar ta ƙara shekara 32 a duniya.

Amma akwai inda zancen kwantacce ya goga da gaskiya. Ciki kan zauna a wajen mahaifa, ɗan ya mutu a can, jikin uwa ya kasa narkar da shi, sai ya lulluɓe shi da sinadarin ƙashi har ya sandare kamar dutse. A garin Sans na Faransa an samu irinsa a 1582, a gawar matar da ta ɗauke shi shekara 28. Duk tarihin likitanci waɗanda aka rubuta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Kuma a lura, wannan ɗan ba barci yake ba. Ba zai taɓa tashi ba.

Sai maganar jifa. An yi wa yarinya aiki, likita ya fito da abin da aka ciro, ga gashi cunkus, ga kitse, har da haƙora. Wa zai ga wannan bai ambaci sammu ba? Ni kaina ban ga laifin wanda tsikar jikinsa ta tashi ba. Sai dai bayanin ba shi da wuya. A gidan ƙwai akwai ƙwayoyin halitta da aka tanada don su gina mutum sukutum, fata da gashi da ƙashi. Idan ɗaya ta ruɗe ta fara ginin ba tare da an samu ciki ba, abin da take haɗawa ke nan, tarkacen jiki a cikin jaka. Haƙoran har a hoton ƙashi suna fitowa. Mafi yawan irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne. Haɗarinsa shi ne nauyinsa ya murɗe gidan ƙwan, jini ya daina zuwa, ciwo mai tsanani ya taso dare ɗaya. Gashin da ake samu a tumbi kuma daban ne: mai shi ce take tsinkar gashinta tana haɗiya, tumbi kuwa ba ya narkar da gashi, sai ya dunƙule.

Jita-jitar da ta fi cin rai ita ce "daji ba ya son ƙarfe", wai da wuƙa ta taɓa shi, ko iska ta shiga, sai ya fantsama. Iska ba ta yaɗa daji. Abin da ke faruwa shi ne, an kwashe watanni ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi, sai da ciwo ya gama mamaye hanji da hanta aka kawo mara lafiya. Likita ya buɗe, ya ga aikin gama ya gama, ya rufe. Bayan mako uku aka yi rasuwa, dangi suka ɗora wa wuƙa.

Duk da haka likitocin fiɗa suna da tasu fargabar, kuma tana da tushe. Akwai ƙarin da ake lallaɓawa a ciro shi ɗungurungum, domin idan ya fashe abin da ke cikinsa zai zube a ciki. Ƙarin ƙodar yara da Max Wilms ya yi bayaninsa a 1899 yana cikinsu. Yakan bayyana kafin shekara 5, sau da yawa uwa ce ke jin tauri a gefen cikin yaro wajen wanka, kuma a ƙasashe masu hali kusan tara cikin goma suna warkewa. Haka jakar ruwa da tsutsar kare ke haddasawa a jikin mutum, wadda ta yi yawa a wurin makiyayan Turkana a Kenya: ruwanta in ya kwarara yana iya sumar da mutum nan take. Shi ya sa ake yin hoto da gwajin jini kafin a ɗauki wuƙa.

Ba kuma kowane ƙari ne ake yanka ba. Dajin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 yakan kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni. Shi ɗan tsoka kawai ake ɗiba a kai ɗakin gwaji, sauran aikin na maganin da ake ɗurawa ta jijiya ne.