Uban Da Ba A Ga Fuskarsa Ba

Jama'a, a fim ɗin Central do Brasil da Walter Salles ya shirya a Barazil a 1998, uba ake nema, amma ko sau ɗaya ba a nuna shi ba. Bas ta kaɗe uwar Josué, ɗan shekara 9, a bakin tashar jirgin ƙasa ta Rio. Sai Dora, tsohuwar malamar makaranta mai rubuta wa mutane wasiƙa, ta raka shi arewa maso gabas. Mu malamai mun san irin yaran nan, suna azuzuwanmu. Uban dai bai samu ba, yayyensa biyu 'yan uba suka karɓe shi. Wasiƙar da tsohon ya aiko ma suna ajiye da ita, ba mai iya karantawa, sai da Dora ta zo.