Gayya da Amana a Sana'ar Shirya Finafinan Hausa a Kano

1.0 Gabatarwa

Masana adabin Hausa sun saba kasa wasan kwaikwayo gida uku, watau na gargajiya irin su tashe da wasan gauta da kalankuwa, da rubutacce wanda ake karantawa a makarantu, da kuma na rediyo da talabijin. Daga shekarar 1990 aka sami reshe na huɗu, shi ne fim ɗin bidiyo, wanda cikin ɗan lokaci ya shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. Galibin nazarce-nazarcen da aka yi a kan wannan reshe sun karkata ne ga jigo da rawa da waƙa da tasirin finafinan Indiya. Ba a cika tsayawa a tambayi inda kuɗin shirya fim yake fitowa ba, da wanda yake ɗaukar nauyinsa, da hanyar da yake bi ya isa ga mai kallo.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙungiya da gayya da amanar kasuwa su ne jarin da ya kafa sana'ar fim a Kano, a lokacin da babu banki ko hukumar da ta zuba mata kuɗi. Za a kuma nuna cewa waɗannan al'adu da suka raya sana'ar su ne suka shata mata iyaka, har suka yi tasiri a kan irin labarin da ake bayarwa.

2.0 Kafin Zuwan Bidiyo

Bahaushe ya fara sanin hoto mai motsi ne ta hanyar majigi, wanda gwamnatin mulkin mallaka take yawo da shi gari gari domin wayar da kai a kan noma da tsafta. An buɗe gidan sinima na Rex a Kano cikin 1937, daga baya wasu suka biyo, galibinsu a hannun 'yan kasuwa Kwarori, waɗanda suka riƙa shigo da finafinan Indiya da na Amurka. Shirya fim na sinima kuwa aiki ne mai cin dukiya, gama sai an sayo zaren fim daga waje, a kuma kai shi waje a wanke. Saboda haka finafinan Hausa na wancan zamani 'yan ƙalilan ne, kamar Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Da aka karya darajar naira a 1986, sai wannan hanya ta ƙara tsukewa.

A ɗaya gefen, gidajen talabijin sun horar da 'yan wasa da masu ɗaukar hoto. A Kaduna an yi su Samanja da Karambana, a Kano kuma gidan NTA da gidan CTV, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, sun riƙa nuna wasannin ƙungiyoyin samari na unguwanni, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa. A cikin waɗannan ƙungiyoyi ne fim ɗin bidiyo ya tsiro.

3.0 Ƙungiya da Gayya

Fim ɗin da ake ɗauka a matsayin na farko da ya shiga kasuwa sosai shi ne Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, Salisu Galadanci ya ba da umarni. Abin lura a nan shi ne ƙungiya ce ta yi shi, kuma tsarin aikin ƙungiya ya yi kama da gayyar noma. A gayya, mai gona ba ya biyan lada, sai dai ya ciyar da waɗanda suka zo, da sanin cewa ranar da aka kira gayyar wani shi ma zai ɗauki fartanya. Haka finafinan farko suka gudana. 'Yan ƙungiya su yi karo-karo a yi hayar kyamara, a nemi aron gidan wani mai hali da motarsa, kowane ɗan wasa ya zo da tufafinsa, ladansa kuwa abinci da kuɗin mota da kuma suna. Da haka fim yake kammaluwa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Wata ƙungiyar da ta ba da gudummawa ita ce ta marubuta littattafan soyayya, waɗanda aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. Marubutan nan sun riga sun saba buga littafi da kuɗin aljihunsu su kai kasuwa da kansu, don haka ba su ga wani baƙon abu ba a yin haka da fim. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim, haka kuma aka yi wa Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Littafi ya kawo wa fim labari, ya kuma kawo masa masu saye da suka riga suka san labarin, musamman matan aure, waɗanda al'ada ba ta yarje musu zuwa sinima ba, amma kaset yana iske su har ɗaka.

4.0 Kasuwar Kwali

Shirya fim rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sayarwa. A nan ma masu fim sun tarar da hanya a share. Tun kafin 1990 akwai dillalan kaset a kasuwar Ƙofar Wambai da wajajen Bata, masu na'urorin kwafar finafinan Indiya da na Amurka da kasakasan wa'azi, suna da abokan ciniki a garuruwan Arewa da Jamhuriyar Nijar da zangunan Hausawa na Gana da Kamaru.

Ga yadda cinikin yake a wancan zamani. Mai fim zai kai wa dillali uwar kaset tare da kwalayen da ya buga masu ɗauke da hotunan 'yan wasa. Dillali zai kwafi fim ɗin a kan kasakasan da ya saya da kuɗinsa, ya sa a kwali ya sayar. Rabon mai fim yana kan kwali ne, watau gwargwadon kwalin da aka sayar gwargwadon abin da zai karɓa, wanda ya yi kwantai kuwa a mayar masa da abinsa. Sau da yawa ba a rubuta yarjejeniya, magana ce ta fatar baki irin ta fatake da masu masauki.

Wannan tsari ya sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi shiga sana'a, tun da ba ya bukatar na'urar kwafi ko rumfa. Amma asara duk a wuyansa take, kuma ba shi da hanyar tabbatar da yawan abin da aka kwafa. Daɗin daɗawa, da dillalai suka yi ƙarfi sai suka fara ba da kuɗin shirya fim da kansu, suna zaɓen ɗan wasan da za a sa a kwali da yawan waƙoƙin da za a yi. Karɓuwar da Sangaya ya samu a 1999, da Wasila a 2000, ta tabbatar musu cewa soyayya da waƙa su ne ke fid da kaya. Ke nan yawaitar rawa da waƙa, wadda malamai da manazarta suka yi ta suka, ba daga sha'awar Indiya kaɗai ta samo asali ba, har da lissafin mai rumfa wanda yake son kuɗinsa su dawo da wuri.

5.0 Ubangida da Yaro

Kamar sauran sana'o'in Hausa, ana koyon fim ne a hannun ubangida. Yaro zai fara da riƙe fitila ko ɗaukar kaya a wurin ɗaukar fim, a hankali a ba shi 'yar fitowa, in ya yi haƙuri wata rana ubangida ya ɗaure masa gindi ya yi nasa. Yawancin fitattun 'yan wasa da daraktoci ta wannan hanya suka taso. Amfanin tsarin shi ne koyarwa kyauta ga wanda bai da halin makaranta. Illarsa kuwa ita ce yaro ba ya iya tambayar ladansa ba tare da an ce ya yi butulci ba, sa'an nan gaba tsakanin iyayen gida takan raba sana'ar ɓangare ɓangare.

Sana'ar ta kuma haifar da kalmominta. An aro furodusa da darakta da lokeshan, an faɗaɗa ma'anar jarumi da jaruma suka koma nufin manyan 'yan wasa. Camama ita ce fim ɗin barkwanci mai arha wanda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki a ƙauye ko a bayan gari, irin wanda marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya yi fice a kai. Kan-ta-waye kuwa sabon furodusa ne da ya shigo da kuɗinsa bai san kan sana'a ba, ake ci da guminsa kafin kansa ya waye. Samuwar wannan kalma shaida ce cewa 'yan sana'ar da kansu sun san inda amana take ɓaci. Shi kansa sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ya fara bayyana, a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ita ma ta fara fitowa a 1999.

6.0 Matsayin Hukuma

Hukuma ta fi shiga harkar nan ta fuskar tsawatarwa. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai ta jiha a 2001. A 2007 aka dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, aka gindaya sharuɗɗan rajista masu tsauri, aka ɗaure wasu 'yan fim, har da yawa suka yi ƙaura zuwa Kaduna da Jos. Sharaɗin mallakar ofis da jari mai kauri ya fi ƙuntata wa ƙananan masu fim, waɗanda su ne tushen sana'ar. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar gina alƙaryar fim a Ƙofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, amma aka janye shirin bayan malamai da wasu jama'a sun nuna rashin amincewa. Wannan ya nuna cewa tallafin da bai sami yardar al'umma ba ba ya zama, kome yawan kuɗinsa.

7.0 Bayan Mutuwar Kasuwar Faifai

Kaset ya ba faifan CD da DVD wuri, daga baya wayar hannu ta ture su duka. Masu tura finafinai a waya suka cika bakin titi, suna zuba fim a katin waya a kan kuɗi kaɗan, ga kuma finafinan Indiya da aka fassara da Hausa suna gogayya da na gida. Kafin ƙarshen shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe, kwali ya daina kawo kome.

Masu fim suka nemi sababbin iyayen gida. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, tare da rubutacciyar yarjejeniya da biyan lada a kan ƙa'ida. Wasu kuma suka buɗe tashoshinsu a YouTube, inda Izzar So da Labarina suka sami karɓuwa daga 2020. A nan kuɗi yana zuwa ne daga talla, gwargwadon yawan masu kallo, da kuma 'yan kasuwar da ake tallata hajarsu a tsakiyar shiri. Mai fim ya huta da dillali, amma sabon tsarin ma yana da nasa hukuncin: yana bukatar fitowa kowane mako, don haka ake jan labari fiye da ƙarfinsa. Kamar yadda kwali ya haifar da waƙa, haka talla ta haifar da dogon zango.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa siffar fim ɗin Hausa a kowane zamani tana bin hanyar da kuɗinsa yake dawowa. Saboda haka mai son gyara abin da fim yake nunawa, sai ya fara da gyara wannan hanya. Abubuwa uku sun fi gaggawa. Na farko, a mai da yarjejeniyar baka rubutacciya, cikin Hausa, yadda yaro da marubuci da kan-ta-waye za su san haƙƙinsu. Na biyu, ƙungiyoyin 'yan fim su raya karo-karon da suka faro da shi ya zama asusun lamuni da rumbun kayan aiki na haya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku ya rataya ne a wuyan jami'o'i. Kasakasan shekarun 1990 suna lalacewa da zafi da ƙura, alhali a cikinsu akwai Hausar birni da sutura da tsarin gidaje na wancan lokaci. Ya kamata sassan nazarin Hausa su tattara su, su juye su a na'urorin zamani, su kuma ɗauki bayanin dattawan Tumbin Giwa da dillalan Ƙofar Wambai tun suna raye.