Atisayen harbi a tsakar gida: Abin da matashi zai koya ba tare da ya taɓa bindiga ba

Duk mai wayar hannu ya ci karo da hoton nan a lokacin gasar Olamfik ta Paris a 2024: wani mutum mai furfura, hannu ɗaya cikin aljihu, ɗayan a miƙe da ƙaramar bindiga. Yusuf Dikec ne ɗan ƙasar Turkiyya, mai shekara 51 a lokacin, wanda shi da abokiyar wasansa Sevval Ilayda Tarhan suka ci lambar azurfa.

A teburan mai shayi na Minanata da ke birnin Sakkwato an sha raha da hoton, ana cewa mutumin yanga yake yi. Ba yanga ba ce. Dokar wasan ta ce da hannu ɗaya ake riƙe bindigar, shi ya sa 'yan wasa ke cusa ɗayan a aljihu don kada ya yi lilo ya girgiza jiki.

Abin da hoton bai nuna ba shi ne dogon atisayen da ake yi kafin ranar gasa, wanda wani kaso mai yawa nasa a ɗaki ake yinsa, babu harsashi, babu ƙara.

Harbin gasa aiki ne na natsuwa. A rukunin mita 10 da bindigar iska ake fafatawa, mai harba ɗan harsashin dalma na milimita 4.5. Ɗan wasa zai yi harbi 60 cikin minti 75. Idan ƙaramar bindiga ce, da'irar tsakiya mai maki goma ba ta wuce milimita 11.5 ba, kwatankwacin maɓallin riga. Idan doguwa ce kuwa, rabin milimita ce, kamar ɗigon biro. A irin wannan ma'auni, bugun zuciyar mutum kaɗai ya isa ya kautar da saiti.

Abhinav Bindra, wanda a Beijing a 2008 ya zama ɗan Indiya na farko da ya ci zinare shi kaɗai a Olamfik, a gidansu mahaifinsa ya gina masa wurin harbi. Wannan na masu hali ne. Amma tushen abin, wato tsayuwa da riƙo da numfashi, ba ya cin ko kwabo.

Nauyin ƙaramar bindigar gasa wajen kilo ɗaya ne, daidai da gorar ruwa mai lita ɗaya. Mai koyo zai yi ɗigo a bango daidai tsayin idonsa, ya tsaya a karkace, ya ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya ɗaga gorar ya miƙar da hannu. Sai ya ja numfashi, ya saki rabi, ya riƙe sauran, idonsa a kan ɗigon. Daƙiƙa 20 zuwa 30, ya sauke, ya huta, ya sake. A ranar farko hannu zai yi rawa kamar mazari, kafaɗa ta ɗauki zafi. Bayan 'yan makonni rawar za ta ragu, ko da yake ba ta ɓacewa ɗungum ko ga zakaru. Su dai sun koyi matsa kunamar bindiga a hankali ne alhali hannun na ɗan motsinsa, maimakon su fizge ta.

Da zafin Sakkwato, bayan sallar Asuba ya fi dacewa da wannan. Kuma a jinkirta shayin nan mai kauri sai an gama, domin yana ƙara bugun zuciya.

To, me ya sa gora, ba bindiga ba? Na farko doka. Dokar mallakar makamai ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake riƙewa. Hatta bindigar gargajiya ta mafarauta tana buƙatar izinin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Na biyu, halin da ake ciki. A jihar da mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah suka shafe shekaru suna kwana da fargabar 'yan bindiga, yaron da aka hango ta saman katanga yana saiti da wani abu mai kama da bindiga, ko da na katako ne, ya jefa kansa da iyayensa cikin haɗari. Kafin a tsaya sauraron bayaninsa, mai afkuwa ta afku. A ganina wannan kaɗai ya isa dalili.

Ƙofar da ta fi sauƙi a nan ita ce ta kwari da baka, wadda ita ma wasa ce ta Olamfik: ana harbi daga nisan mita 70 zuwa allo mai faɗin santimita 122. Matan Koriya ta Kudu sun ci zinaren ƙungiya sau goma a jere, daga 1988 zuwa 2024. Masu koyon wannan fanni da doguwar roba suke farawa, suna ja zuwa haɓa a gaban madubi babu kibiya, har tsokar baya ta saba. Robar tsohon tayar keke ma ta wadatar.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, maharban jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarƙashin jagorancin ƙaninsa Abdullahi, su ne suka tari dawakin Gobir da kibau. Yau ma idan ka bi lungunan Minanata da yamma, za ka tarar da yara sun jera gwangwanaye a kan katanga suna harbi da danƙo, har da mai ƙirga maki da mai gardamar cewa iska ce ta kayar.

Abin da ya rage wa waɗannan yara shi ne koci da wurin da za su saki kibiya cikin tsaro, domin tsakar gida, inda ƙananan yara da awaki ke kai-komo, ba wurin harba komai ba ne. Hukumomin wasanni na jihar za su iya ware wani gefe a filin wasa na Giginya, a kafa alluna biyu ko uku, a sa rana ɗaya a mako.